Rakiyar miji ta kai ni Banyam, na fito fasto

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, don akwai wuraren da har yau in na tuna sai maƙogwaro ya cushe min. Abin da ya tura ni yanzu shi ne wata yarinya da mijinta ya rasu kwanan baya a gundumarmu, na je gaisuwa na same ta zaune a tabarma an kewaye ta ana ta tsara mata rayuwarta ba wanda ya tambaye ta me take so. To saboda irinta nake rubutawa.

Ni 'yar ƙasar Wurkum ce, a ƙaramar hukumar Karim Lamiɗo ta jihar Taraba, can hayin kogin Binuwai. Wanda bai san wajenmu ba zai ɗauka kusa ne da Jalingo, a taswira kam kusa ne, amma sai ka zo Lau ka tsaya jiran jirgin fito ko kwale-kwale sannan za ka san nisan. Babana mai bishara ne, ba fasto ba, irin waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa aka tura su ƙauye da Littafi ɗaya da littafin waƙoƙi da fartanya. Albashinsa ba abin faɗa ba ne, noma ne ke ciyar da mu. Daga bakinsa na fara jin tarihin ekklesiyarmu ta Metodis, kuma yana ba da shi ne kamar labarin gidanmu. Ya ce mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, da Karl Kumm ya kafa a 1904 shi ne ya buɗe hanya, sai wani Ba'amurke mai suna Guinter ya zo a 1906 ya yi shekaru a Wukari, daga baya a 1923 aka hau zuwa Bambur aka kafa tasha, shi da wani abokin aikinsa mai suna McBride. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, waɗannan mutanen ba Metodis ake ce musu ba a lokacin. Ekklesiyarsu ta Evanjelika ce, a 1946 ta haɗu da wata suka zama EUB, sai a 1968 EUB ɗin ta haɗu da Metodis a can Amurka aka sami UMC, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Metodis. Mu nan kuwa iyayenmu EKAS Lardin Muri suka sani, wato Ekklesiyar Kristi a Sudan, har babana ya tsufa in ya yi suɓutar baki haka yake kiranta.

Kullum in ya zo kan maganar makarantar Banyam, wato makarantar tauhidi ta ekklesiyarmu da ke Bambur, sai ya gyara zama. Ya ce Bature ya kawo karatu da kwano da ƙusa, amma ƙasar da aka yi gini a kai da tubalin da aka buga da ruwan da aka kwaɓa, duk mutanen wurin ne, mata ne suka ɗebo ruwan a ka. A lokacin ina jin abin ne kawai kamar surutun tsofaffi.

Na yi firamare na shiga sakandare amma ban gama ba, kuɗi ya yanke ina aji uku, kuma a gidanmu in kuɗi bai kai ba maza ake fara duba wa. Ban riƙe kowa a zuci ba, haka zamanin yake. Na yi aure da wuri. Maigidana malamin firamare ne mai son waƙa, shi ke koya wa 'yan kwaya sabbin waƙoƙi, mutum ne mara hayaniya. Muna da yara biyu ya zo min da maganar yana jin kira, zai ajiye koyarwa ya tafi Banyam karatun tauhidi. Gaskiya ban yi murna ba. Na girma a gidan mai bishara, na san me ake nufi da a jira baikon Lahadi kafin a sayi gishiri. Na ce masa Baban yara, albashin gwamnati ko ya makara yana zuwa fa. Ya yi dariya ya ce Maman yara, wanda ya ciyar da babanki bai yi ritaya ba. Haka muka ɗaure kaya.

Mun shiga makarantar a tsakiyar shekarun 2000, zamanin Bishop Done Peter Dabale, bishop ɗinmu na farko da aka zaɓa a 1992. A lokacin makarantar ta riga ta wuce matsayin da babana ya sani. Da can Hausa ce zalla, ana horar da masu bishara, wanda ake son ya yi zurfi sai a tura shi kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru ta jihar Filato wadda ekklesiyoyi suka haɗu suka buɗe a 1959, kuma mutum nawa za a iya turawa Filato a shekara? Sannu a hankali aka kawo karatun Turanci gida, aka ƙara azuzuwa, aka sami laburare, yaranmu da suka yi karatu a waje suka dawo suka zama malamai. Akwai zumunci tsakanin ekklesiyarmu da 'yan'uwa na jihar Iowa a Amurka, sukan turo mutane ƙungiya ƙungiya, wasu su koyar, wasu su yi aikin hannu, su kawo littattafai da kayan aiki. Na ga tsoho Bature da furfura a kan tsani cikin zafin watan Maris, fuskarsa ta yi jawur, ana ce masa ya sauko ya ƙi. Ba zan taɓa raina wannan ba.

Mu matan ɗalibai muna da namu ajin, ana koya mana karatun Littafi da Hausa, ɗinki, kiwon lafiyar yara, da yadda ake jagorantar zumuntar mata. Da rana kuma gona. Kowane ɗalibi mai iyali sai ya yi noma, in ba haka ba yunwa za ta kore shi kafin jarrabawa ta kore shi. Muna shuka dawa da masara da gyaɗa. Ɗakinmu ɗaya ne da ɗan madafi a waje, da dare yana karatu da fitilar kwai ni ina ɓarar gyaɗa, wani lokaci ya riƙa karanta min abin da aka koya musu yana fassarawa, ni kuma in yi ta masa gardama. Yakan ce ke ya kamata a ba kujerar nan ba ni ba.

A shekararsa ta biyu ne abin ya faru, lokacin girbi. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san kububuwa, ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tana shiga ƙarƙashin tarin kara da ganyen gyaɗa. Da yamma ne ya je kwaso gyaɗar da muka tuge, silifas ne a ƙafarsa, ya sa hannu zai ɗaga tarin ta sare shi a saman ƙafa. Ya dawo da ƙafarsa yana ɗingishi har yana min wasa wai ƙaramar aba ce. Abin da yake yaudarar mutane da wannan macijiya ke nan, mutum yana magana yana cin abinci, a ɗauka da sauƙi, alhali dafin yana can yana hana jini daskarewa. Washegari ƙafar ta kumbura har gwiwa, da ya wanke baki sai na ga jini a dasashinsa, wani tsohon ƙurji da ya warke a hannunsa ya buɗe yana tsattsafa. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti, babu maganin dafin a ajiye. 'Yan'uwansa suka iso daga ƙauye da wani mai magani, aka tsaga wurin da reza aka shafa wani baƙin abu, ina cewa a'a ana ce min ke mace ce ki yi shiru, jinin nan kuwa ya ƙi tsayawa. Abokan karatunsa ne suka yi ta maza suka haɗa kuɗi aka samo mota za a kai shi Kaltungo inda aka san da maganin saran maciji. Hanyar ba kyau, motar na tafiya tana tsayawa. Kansa na kan cinyata. Ya ce min kansa na ciwo sosai, ya ce in kula da littattafansa kar gara ta ci, daga nan bai sake cewa komai ba. Ba mu kai ba.

Ina da cikin wata biyar a lokacin.

Ba zan iya ba ku labarin jana'izar ba don rabinta ban san ma an yi ba. Abin da na riƙe shi ne 'yan kwayar da ya koyar sun tsaya za su rera waƙa suka kasa, sai tsofaffin mata suka karɓa. Wannan shekarar ta 2006 ita ce kuma Bishop Dabale ya rasu, ekklesiya duka tana cikin makoki, ni kuma nawa makokin ya shige cikin na jama'a har na ji kamar ba wanda ya gan ni.

Bayan an share makoki sai aka zauna a kaina. Dangin miji suka ce in tattara in koma ƙauye, yaran nasu ne, kuma akwai ƙaninsa da zai riƙe ni. Kun gane abin da ake nufi da riƙewa. Surukina mutumin kirki ne, ba mugunta ce ta sa shi ba, shi a ganinsa rufin asiri yake min. Na durƙusa na ce Baba, ku yi min haƙuri in haihu tukuna. Da wannan na sami lokaci. Malaman makaranta suka bar ni a ɗakin har na haihu, matan ɗalibai suka raba aikin gonata a tsakaninsu, wata ta ɗauki babbar 'yata ta haɗa da nata.

Watannin nan ne mafi duhu. Na daina addu'a. Ina zuwa sujada don kar a yi magana, amma in an ce a rufe ido ni nawa a buɗe yake ina kallon bango. Tambayata ɗaya ce, mutum ya ajiye aikin gwamnati ya bi ka, sai ka bar abin da bai kai tsawon hannu ba ya ɗauke shi? Wani ɗalibi ya zo min da ayar nan ta Romawa cewa kome yana aiki tare zuwa alheri, na ce masa ya fita min daga ɗaki. Don Allah masu zuwa gaisuwa, ba kowace aya ce ta kowace rana ba, wani lokaci ka kawo ruwa ka share tsakar gida ka tafi ya fi.

Abin da ya fara motsa ni littattafan nan ne da ya ce in kula da su. Na fito da su zan shanya saboda gara, na buɗe littafin rubutunsa na Tsohon Alkawari, sai na ga a gefen shafi ya rubuta da Hausa, tambayar Maman yara, in tambayi malam. Na buɗe gaba na sake ganin irinsa. Ashe gardamar da nake masa da dare yana kai ta aji. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a jana'iza ba. Daga ranar na fara karanta rubutun nasa ina haɗa Turancin da ƙyar.

Ana cikin haka baƙin Iowa suka zo, a cikinsu akwai wata mace fasto, tsohuwa mai gajeren gashi. Ta yi wa'azi a ɗakin sujada ana fassarawa, a kan Ruth da Na'omi. Ba wa'azin ne ya kama ni ba, na ma manta abin da ta ce, ganinta ne a tsaye a bagade maza suna rubuta abin da take faɗa. Daga baya na ji ashe Metodis a Amurka sun ba mata cikakken izinin aikin fasto tun 1956, kuma mu ma a nan akwai matan da aka naɗa, ni ce dai ban taɓa kawo kaina a wannan layin ba. Na sami wani malaminmu na ce Baba Rabaran, in mutum bai gama sakandare ba zai iya zama a kujerar da mijinsa ya bari? Ya daɗe yana kallona, ya ce 'yata, kujerar ba gado ba ce, sai kin ci jarrabawa kamar kowa, amma in kin shirya zan koya miki Turanci da yamma ba ko sisi.

Komawa ƙauye in faɗa wa surukina shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi da bakina. Na tafi da babana. Aka yi ta magana har rana ta faɗi, wani kawun maigidana ya ce karatun da ya kashe ɗansu shi zan je in ƙarasa? A ƙarshe surukina ya ce a bar ni, amma babban ɗana namiji zai zauna a wurinsu. Na yarda. Mutane sun zarge ni a kan wannan, wai na sayar da ɗa da takarda. Yaron yana shekara shida, ya riƙe zanina a bakin mota, kakarsa ta ɓamɓare hannunsa. Har yau shi da ni akwai wani ɗan nisa da ba mu gama cikewa ba, ko da yake yanzu ya girma yana kirana kullum.

Na rubuta jarrabawar sakandare daga waje, ban haye a karon farko ba saboda Turanci, na sake na samu. Na shiga aji da goyo a baya. Laburaren makarantar ya zama ɗakina na biyu. Yawancin littattafan daga Amurka aka kawo, za ka buɗe ka ga hatimin wata majami'a da ba ka san inda take ba, ko sunan wani fasto da ya mutu iyalinsa suka ba da littattafansa, ga layin da ya ja da jan biro a ƙarƙashin wata magana tun kafin a haife ni. Wasu littattafan kam ba su da amfani a wurinmu, akwai wanda na gani a kan yadda za a tsara wurin ajiye motoci a harabar majami'a, mu da keke ma sai mai hali. Amma sharhin Littafi da ƙamus da tarihin ekklesiya, waɗannan da su muka zama abin da muka zama. A nan na karanta labarin John Wesley, wanda ya kafa Metodis, da mahaifiyarsa Susanna wadda take tara mutane a gidanta tana koya musu lokacin da mijinta ba ya nan, na ce ashe abin ya daɗe.

Shekarar farko wata majami'a a can waje ta ɗauki nauyin kuɗin makarantata, ban taɓa ganinsu ba, hoto kawai aka ɗauke ni aka aika. Sai tattalin arzikin duniya ya rikice a 2008, taimakon ya tsaya. Ban ga laifinsu ba, su ma mutane ne masu albashi da bashi. A daidai lokacin ekklesiyarmu ma tana cikin wani makokin, Bishop Kefas Mavula da aka zaɓa a 2007 ya rasu a farkon 2008 bai ko cika shekara ba, kowa hankalinsa na wani wuri. Na riga na ɗaure kayana. Sai ga shugabar zumuntar mata ta gundumarmu ta iso a bayan acaɓa da buhu, ta ce Maman yara kwance kayan nan. Ashe sun zauna sun yanke cewa kowace mace in ta yi girbi za ta ware mudu ɗaya, dawa ko gyaɗa ko shinkafa, a tara a sayar da rabi a biya makaranta, rabi mu ci. Matan nan yawancinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Wata tsohuwa da ba ta da gona ta aiko da daddawa ƙulli uku a leda. Da mudun nan na gama karatu, kuma a lokacin ne maganar babana ta ruwan da aka ɗebo a ka ta dawo min da ma'anarta.

Shi ya sa in na ji ana cewa Turawa ne suka gina mana makaranta sai in ce haka ne, amma ba a gama maganar ba. In kuma na ji masu cewa ba abin da mishan suka yi sai mulkin mallaka, su ma in ce su je su duba kaburburan da ke tsofaffin tashoshin mishan. Hannu biyu ne suka ɗauki abin, sai dai hannu ɗaya yana da kyamara da rahoto, ɗayan ba wanda ya rubuta sunansa.

Bayan na gama aka tura ni wata ƙaramar ekklesiya a ƙauye. Ranar farko wasu dattawa suka ƙi karɓar jibin Ubangiji daga hannuna, ban yi faɗa da kowa ba, na ci gaba da zuwa gaisuwar marasa lafiya da jana'iza da suna, a hankali suka sauko, ɗaya daga cikinsu ma ni ya ce in binne shi. Surukina ya zo bikin naɗa ni da ɗana a gefensa.

Ba zan ɓoye muku ba, halin da ake ciki yanzu yana min ciwo. Tun bayan babban taron UMC na 2024 a Amurka ekklesiyarmu ta rabu, Bishop John Wesley Yohanna da wasu suka koma sabuwar ekklesiyar GMC, wato Global Methodist Church, waɗanda suka tsaya a UMC suka zaɓi Bishop Ande Emmanuel a ƙarshen shekarar, maganar kadarori har ta kai kotu. Ba zan shiga wannan a nan ba. Abin da na sani shi ne mutanen da suka haɗa kuɗin motar da ta ɗauki mijina yau suna ɓangare biyu, matan da suka auna min mudu ma haka, kuma ni ina gaida kowa ina zuwa jana'izar kowa, wanda zai ji haushi ya ji.

A ekklesiyar da nake yanzu mun buɗe ɗan asusu na saran maciji, duk Lahadin ƙarshen wata ana ajiye wani abu, don in abin ya faru kar a tsaya neman kuɗin mota. Ina faɗa a kan bagade ba kunya, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya, kar a jira a ga ko zai kumbura, a ɗauki mutum a tafi inda ake da maganin dafi a ranar. Bana ma mun yi rigima a kwamiti, dattawa suna son a sa kuɗin godiyar girbi a silin, ni da matan muka ce a sayo takalman roba dogaye a raba wa masu tugar gyaɗa. Mun sami rabi, silin ya sami rabi. Mudun ɗalibai kuma muna nan muna tarawa, bana mace biyu da namiji ɗaya za a kai wa. Yarinyar nan da na faɗa muku a farko zan koma wurinta ranar Alhamis, wannan karon ni da ita kaɗai a ɗaki.